Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen but mara nauyi irin na soja

Wanda ya taɓa wuni cikin takalmi mai nauyi ya san yadda ƙafa take komawa da yamma: kamar an ɗaura mata dutse, gwiwa na ciwo, ƙugu na amsawa. Wannan ba raki ba ne. Masu bincike na rundunar sojan Amurka sun auna abin a shekarun 1980, suka ga nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa in a baya aka goya shi. Kayan da ka goya binka kawai suke yi, amma takalmi sai ka ɗaga shi, ka wurga shi gaba, ka dire shi, a kowane taku. Don haka mai neman but, wato takalmi mai dogon wuya, irin na soja mara nauyi yana da gaskiyarsa. Inda ake yin ɓatan kai shi ne a manta cewa rashin nauyin nan ba daga sama ya faɗo ba. Wani abu aka rage, ko aka sauya, kafin takalmin ya yi sauƙi a hannu, kuma aikin mai saye ne ya gano mene ne.

Kuskure na farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran: a ɗaga takalmi a tafin hannu, a ji shi sakayau, a ce an dace. Akwai ragin da ke da amfani, kamar a sa yadin nailan mai ƙwari a wuyan takalmin maimakon fata tun daga ƙasa har sama, ko a sa farantin roba mai tauri a tsakiyar ƙasan takalmin a madadin ƙarfe. Akwai kuma ragin da cuta ce: robar ƙasa siririya da wata uku ke cinyewa, mazaunin dunduniya mai laushi kamar tsumma, tsakiya ba komai.

Minti ɗaya ya isa ka bambance su. Riƙe baki da dunduniya ka lanƙwasa. Takalmin kirki a daidai gindin yatsu yake lanƙwasuwa, inda ƙafa take lanƙwasuwa da kanta; in ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ajiye shi. Sannan ka murɗa shi kamar mai matse wanki, ya kamata ka ji yana gardama. Daga ƙarshe matsa bayan dunduniyar da babban yatsa. In ya lotsa nan take, ba zai riƙe ƙafarka a kan gargada ba, komai tsawon wuyansa.

Ka tambayi kuma abin da ke tsakanin robar ƙasa da tafin ƙafarka, domin a nan daɗin takalmi yake. Yawancin marasa nauyi da soson EVA ake yinsu. Yana da laushi, ba nauyi, ranar farko kamar kana taka katifa, sai dai yana kwanciya da amfani, ya bar tashi. Ɗayan soson shi ne PU, ya ɗan fi nauyi da tauri, amma ya fi jure kaya da doguwar tafiya. Mai yawon yau da kullum, wanda ba ya goyon kaya masu nauyi, EVA ya ishe shi, muddin ya san ba takalmin shekara goma ya saya ba. Wani abin lura ga mai saye ta intanet: nauyin da ake rubutawa galibi na ƙafa ɗaya ne, a matsakaiciyar lamba. But mara nauyi yakan tsaya wajen giram 400 zuwa 600 kowace ƙafa, tsohon samfuri na fata zalla kuwa yakan doshi kilo guda.

"Na soja" ba abu ɗaya ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka in dai takalmi ya yi kama da na soja, to ko'ina zai shiga. Su kansu sojojin ba su yarda da haka ba. But ɗin da Amurkawa suka yi yaƙin Biyetnam da shi an yi shi ne don daji mai ruwa da taɓo: wuyan yadi, ƙananan ramuka a gefen ciki don ruwa ya fita, ƙasa mai manyan haƙora da ake kira samfurin Panama wanda ke zubar da laka, da farantin ƙarfe a ciki don kare ƙafa daga tsinin gora da ake dasawa a ƙasa. Da aka kai irin wannan takalmin sahara a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, sai ramukan suka zama ƙofar yashi, ƙarfen kuma ya riƙa ɗauko zafin ƙasa yana kai wa ƙafa. Dole aka fitar da na hamada, aka cire duka biyun. Takalmi guda ne, ya yi rana a wuri ɗaya, ya zama azaba a wani.

Saboda haka kafin ka duba launi ko siffa, duba inda ƙafarka take wuni. Mai tafiya bisa kwalta da siminti da tayil ba ya buƙatar manyan haƙora. Suna saurin cinyewa a kan dandaɓe, kuma a kan jiƙaƙƙen tayil sukan yi santsi, domin kaɗan ne daga robar ke taɓa ƙasa. Mai shiga gona ko hawan dutse shi ke buƙatarsu. Sunan Vibram da ake gani a ƙasan wasu takalma na kamfanin Italiya ne da Vitale Bramani ya kafa, wanda ya fito da ƙasan roba mai haƙora a 1937 bayan abokan hawan dutsensa sun halaka a tsaunukan Alps. Suna ne mai daraja, amma samfuransa iri-iri ne, kowanne da ƙasar da aka yi shi dominta.

A nan ne kuskuren da ya fi ba ni takaici yake, wato sayen wanda ruwa ba ya shiga don kawai an ji ya fi tsada, an ɗauka ya fi kyau. Irin wannan takalmin yana da wata siririyar riga a ciki, Gore-Tex ko makamancinta, mai hana ɗigon ruwa shiga tana barin tururin gumi ya fita. Tana aiki sosai in waje ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa. In ana zafi da gumi kuwa, tururin ba ya samun inda zai je, ƙafa ta dahu a cikin ruwan kanta. Kuma ranar da ruwa ya zubo ta sama, rigar da ta hana shi shiga ita za ta hana shi fita. Wanda yawancin kwanakinsa na zafi ne, mara rigar nan ya fi masa: zai jiƙe da wuri, ya bushe da wuri. Mai rigar na wanda ke fama da sanyi, raɓa da yayyafi ne.

Awo

Da za a tara dukan ƙorafin da ake yi kan but, mafi yawansu a awo za su tsaya. Lamba ba alkawari ba ce. Lamba 43 ta wannan kamfani ba lallai ta zama 43 ta wancan ba, kuma faɗi daban yake da tsawo. Mai faffaɗar ƙafa yakan ƙara lamba don ya samu sarari, sai ya ƙare da takalmin da ya yi masa tsawo, dunduniya na fita tana komawa. Abin da yake buƙata samfuri mai faɗi ne a lambarsa ta asali.

Gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura da zirga-zirgar wuni, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa da shi. Sa duka biyun, domin kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma da babbar ake awo. Zare shimfiɗar ciki ka ajiye a ƙasa ka tsaya a kai: ya kamata a samu kamar faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita 1 zuwa 1.5, tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin shimfiɗar, kuma kada gefen ƙafarka ya zubo waje. Mayar da ita, ɗaure igiya har sama, ka taka. In akwai matakala ko gangara, sauka a kai, domin a saukowa ne yatsu ke dukan bakin takalmi, daga nan jini ya kwanta a ƙarƙashin farce ya yi baƙi. Ka tsuguna kuma, ka ji ko wurin da takalmin ya karye yana danna maka saman yatsu.

Kada ka yarda da "zai buɗe". Tsohon but na fata zalla yana buɗewa, yana bin siffar ƙafa a hankali. Mara nauyi da aka haɗa da nailan da roba kaɗan yake saki, tsawonsa kuwa ba ya ƙaruwa ko kaɗan. In ya matse ka a ranar saye, haka zai ci gaba da matse ka. Jiki magayi.

Ana kuma zargin takalmi da laifin safa. Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, gogayya ta ƙaru, bororo ya tashi. Safar ulu ko ta zaren roba da aka yi don tafiya tana janye gumin daga fata, kuma dole ta zarce wuyan takalmin tsawo. Sabon but, ko mai laushi ne, a fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa har mako ɗaya ko biyu kafin a yi doguwar tafiya da shi. Da zarar ka ji wani wuri ya ɗau zafi, tsaya ka manna filasta tun bai yi ruwa ba.

Ɗaurin igiya ma gyara ne da ba a biya. Ba dole ba ne ƙarfin ɗaurin ya zama ɗaya daga ƙasa har sama. Bar wajen yatsu da ɗan sauƙi, ka tsananta a daidai inda ƙafa ta haɗu da ƙauri, ka murɗa igiyoyin biyu sau biyu a wurin don kada su saki, sai dunduniya ta zauna daram. In wani wuri a saman ƙafa yana ciwo, tsallake ramin da ke kansa. Mai zif a gefe yana da daɗi ga wanda ke yawan cirewa da sawa, amma zif ba ya maye gurbin igiya. A riƙa gyara ɗaurin lokaci-lokaci, kuma a sani zif ne wurin da ya fi saurin lalacewa.

Tsawon wuya da ƙarfen baki, wato wanda ke rufe yatsu, ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙa'idar kayan sojan Amurka ta ce but ya kai inci 8 zuwa 10, amma kai ba fareti za ka ba. Inci 6 ya ishi yawon yau da kullum, ya fi sauƙi, ya fi shan iska. Dogon ya fi amfani inda akwai ƙaya, tsakuwa da ciyawa. Ƙarfen baki kuwa na mai aikin da kaya ke iya faɗo masa ne. In ba haka ba, nauyi ne kawai ka ƙara wa kanka.

Bayan an kai shi gida

Jiƙaƙƙen but ba a kai shi bakin wuta, ba a barinsa a tsakiyar rana mai ƙuna. Zafi yana busar da fata ta tsage, yana kuma sakin gam, kuma yawancin marasa nauyi da gam aka manne ƙasansu, ba ɗinki ba. Zare shimfiɗar, sassauta igiya, cusa takarda a ciki kana sauyawa, ka ajiye a inuwa mai iska. Fata mai santsi tana son man gogewa. Mai gashi-gashi, wadda cikin fatar aka juyo waje, buroshi take so. In ka shafa mata mai ka toshe ta, ka ɓata launinta. In da hali, kada a sa takalmi ɗaya kullum ba hutu, a ba shi kwana guda ya bushe sarai.

Kuskure na ƙarshe ni kaina na yi shi, kuma ya yi mini ciwo. Na taɓa samun but mai ƙasan PU da ya zauna mini cif, sai na ji tsoron kada ya tsufa, na mayar da shi kwalinsa na adana shekaru. Ranar da na fito da shi, samansa sabo fil. Ban yi tafiyar rabin awa ba na ji ƙafar dama tana karkacewa. Na duba baya, sai ga ɓurɓushi baƙi-baƙi a kan hanya, soson tsakiyar yana marmashewa kamar busasshiyar laka, robar ƙasa ta buɗe baki tana lilo. Danshin iska ne ke cin PU a hankali, ya karya shi daga ciki, kuma abin ya fi tsanani in takalmin yana ajiye a wuri mai ɗumi da damshi ba a taka shi. Wannan ma ya shafi mai sayen tsohon kaya da ya daɗe a sito, ko da ba a taɓa sa shi ba. Duba ranar da aka yi shi, sau da yawa tana jikin harshen takalmin daga ciki. Sannan ka danna gefen soson da farce: in ya koma yadda yake, da sauran ransa, in ya tsage, ko ya yi danƙo, ko ya bar gari a yatsanka, kada ka saya.