Yadda Sabo Zai Shiga Zaman Kiɗan Jita na Buluz

Masu koyo daga Samaru da Sabon Gari sun yi ta tambayar yadda za su shiga zaman da makaɗa ke haɗuwa su kaɗa buluz (wani salon kiɗa daga Amurka) tare. Ga matakan.

1. Saita tsirkiyoyin jitarka tun a waje.
2. Gaida jagoran zaman, ka ce kai sabo ne.
3. Tambayi kod ɗin da za a bi (kod shi ne sautuka da ake kaɗawa lokaci guda, ana kiran kowanne da harafi). In daga A aka tashi, uku sun isa: A, D, E.
4. Saurari zagaye guda tukuna. Gaɓa 12 ne, kowace bugu huɗu, sai a koma farko.
5. Shiga da rakiya, wato kiɗan da ke tallafa wa mawaƙi, a hankali. Hattara: a nan sababbi ke ƙure sauti su danne mawaƙi.
6. Jira jagora ya gyaɗa maka kai kafin ka kaɗa kai kaɗai.
7. In ka ɓace, yi shiru har zagayen ya dawo.
8. Bayan ka kaɗa zagaye biyu kai kaɗai, bar wa na kusa.