Zafin saduwa bayan haihuwa, ga yadda za ki yi

'Yar uwa ki bari jini ya ɗauke, ɗinki ya warke tukuna, kamar sati 6 haka. Shayarwa tana rage estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke sa gaba ya yi danshi, shi ya sa gaba ke bushewa, kuma sau da yawa bushewar nan ce ke kawo zafin. Ki shafa man kwakwa mai tsabta kaɗan kafin ku kwanta, amma fa in maigida yana sa kwaroron roba kar ki sa mai, yana lalata robar, ku nemi abin shafawa na ruwa, wanda ba mai a cikinsa, a kemis. Ki riƙa zama cikin ruwan ɗumi minti 15. Don Allah kar ki cusa ganye ko garin magani a ciki, ƙara ciwon yake. In kin ji wari, zazzaɓi ko kin ga jini, ki tafi asibiti.