Kurakuran masu koyon zane a Maraɗi da yadda ake gyara su

Yaran makaranta da ke kawo mini littafin zanensu, kusan duka ciwonsu ɗaya ne: hannu yana riga ido. Ka ce yaro ya zana akuya, sai ya duƙar da kai ya zano wadda ke cikin ƙwaƙwalwarsa, ga kuwa jar akuyar Maraɗi ɗaure a tsakar gidansu. Maganin ba shi da tsada. Ajiye buta ko ƙwarya a gabanka, ka kalle ta fiye da yadda kake kallon takardar. Fara da manyan siffofi, da layi mara nauyi wanda gogewarsa ba za ta yi wuya ba. Ado ya jira tukuna.

A zanen mutum aka fi shan kunya. Sai ka ga idanu can a goshi, alhali a tsakiyar kai suke, rabin tazarar da ke tsakanin tsakar kai da haɓa. Tsawon baligi kuwa kamar kansa bakwai da rabi ne. Miƙe hannu, riƙe fensir, rufe ido ɗaya, ka auna.

Sai inuwa. Kafin ka fara, yanke shawarar inda haske ke shigowa, inuwar kowane abu ta faɗi ɗaya gefen. Fensir mai alamar HB a jikinsa na shata layi ne, masu alamar 2B zuwa 6B na duhu. Masu fenti kuma su daina zuba baƙi duk lokacin da suke son launi ya yi duhu, domin kashe shi yake yi. Ja, rawaya da shuɗi su ne iyaye. Shuɗi da rawaya suna ba da tsanwa, kuma ɗigon tsanwa cikin ja ya fi baƙi rage masa ƙarfi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwafar hotunan intanet dare da rana, a bar na gida. Dubi dagi, dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, dubi zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da aikin dukawanmu a kan fata. Daidaito da maimaita siffa da ake koyarwa a aji, duk suna nan. Alphadi ma, mai zayyana tufafin nan na Nijar da ya kafa FIMA, bikin baje kolin tufafin Afirka, a 1998, a hamadar Agadas ya fara shi.

In sana'a kake nema, ƙofofinta da yawa: allon shago, katin biki, tambarin kamfani, zanen ɗinki, lalle. Amma nan ma akwai ramuka. Launin da ke walƙiya a waya yakan dushe a takarda, don haka a buga gwaji ɗaya kafin a buga ɗari biyar. Hoton bugawa yana son ɗigo 300 a kowane inci, WhatsApp kuma yana matse hoto, sai dai ka tura shi a matsayin fayil. Sunan shago, mai shagon ya rubuto maka da hannunsa. Harafi ɗaya ya kuskure a Faransanci, fentinka ne zai biya.

Kada ka taɓa buroshi sai an yi ciniki, an ba ka kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki. Ko ɗan uwa ne. Ka kuma ɗauki hoton aikin kafin mai shi ya tafi da shi, shi za ka nuna wa na gaba.