Yadda ake gina birnin Minas Tirith a Minecraft

Kafin ku ɗora bulo ko ɗaya, ku yi lissafin tsayi. A littafin Tolkien, The Lord of the Rings, inda aka ƙirƙiri Minas Tirith, birnin hawa 7 ne, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa da ƙafa 100, wato bulo 30 a wasan. Hawa 7 sun ci bulo 210, Farar Hasumiya da ke saman birnin ta ƙara kusan 90. Tun sigar 1.18 ta Minecraft, gini ba ya wuce Y 320 (Y shi ne ma'aunin tsayi a wasan). In kuka fara daga bakin teku, Y 63, kan hasumiyar zai guntule. Ku fara daga Y 0, ko ku rage kowane hawa zuwa bulo 20.

Dutsen da birnin ya jingina da shi, a WorldPainter, manhajar tsara ƙasa ta Minecraft, za ku fara tsara shi. Ganuwa kuwa, umarnin //hcyl na WorldEdit, kayan aikin gini da ake ƙara wa wasan, yana zagaya ta nan take.

Kada ku yi farar ganuwar ciki da bulo iri ɗaya, daga nesa ba ta da kyan gani. Ku gauraya calcite kashi 60, diorite 30, andesite 10. Ganuwar waje baƙa ce a littafin, blackstone ya dace da ita.

Babbar ƙofa tana fuskantar gabas, ƙofofin sauran hawa ba sa kan layi ɗaya: ta biyu ta karkata kudu, ta sama da ita arewa.