Yadda ake auna numfashin gonar shinkafa a fadamar Haɗejiya

Da rana shinkafa tana shan iskar kabon dayoksaid, da dare gona ta mayar da wani kaso, ga kuma iskar mitan da ke tasowa daga laka in ruwa ya kwanta. 'Yan guguwowin iska da ke jujjuyawa a kan shuka su ne 'yan dakon, wata ta tashi da kayan gona, wata ta sauko da sabuwar iska. Su za ka bi.

Fara da zaɓen fili, don nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai shuka iri ɗaya. Duk mita 1 da na'ura ta ɗara shinkafa tsayi, kana buƙatar kusan mita 100 na gona ta inda iska ke tahowa. Da damina daga kudu maso yamma take zuwa, da hunturu daga arewa maso gabas. Ka nisanci injin ban ruwa, hayaƙinsa zai shiga lissafinka a matsayin numfashin shinkafa. Kafin ka kafa ko da turke, je ka gaida mai gona da mai unguwa, ka yi musu bayani dalla-dalla. Su za su sa maka ido in ba ka nan.

Sai ka ɗaura na'urori biyu dab da juna a kan sandar ƙarfe: ɗaya tana auna motsin iska ta hanyar sauti, ɗaya tana auna yawan kabon dayoksaid da ke cikin iskar ta hanyar haske. Kada su karkata. Saita su su riƙa ɗauka sau 10 zuwa 20 a daƙiƙa, ka haɗa musu sola da batir mai kwana.

Gogewa ita ce ta fi cin rai. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin na'urar hasken cikin kwanaki kaɗan. Ni kashin tsuntsu ne ya taɓa cinye mini aikin sati guda lokacin da jan-baki suka sauka, har yau abin yana yi mini ciwo. Duk zuwa, goge shi da tattausan ƙyalle da tsabtataccen ruwa.

A kwamfuta, manhaja irin EddyPro za ta dunƙule bayanan minti 30-30. Lamba mai alamar ragi na nufin gona tana sha. Na daren da iska ta tsaya cik kuwa, ware su gefe, domin iskar da gona ta fitar tana kwanciya ne a ƙasa ba ta kai ga na'ura.