Yadda Za Ka Tallafa wa Gidan da Ke Karɓar Ɓerayen Masar da Aka Yasar a Bauchi

Ba wuya ka samu gida ɗaya a unguwa wanda kowa ya san can ake kai ɓeran Masar idan an gaji da shi. Uba ya saya wa yara guda 2 don su yi wasa, kafin shekara ta zagayo sun cika tsakar gida, uwargida ta ce ba za ta iya da shara ba, sai a zuba su a kwali a kai wa malamin makarantar nan mai son dabbobi, ko wata dattijuwa da ba ta iya cewa a'a. Ɗalibin da ya gama karatu a Yelwa zai koma garinsu, shi ma can zai ajiye nasa.

Irin wannan gida ba shi da allo a ƙofa, amma unguwa na cin moriyarsa. Yara suna zuwa bayan an tashi Islamiyya su koyi riƙon dabba ba tare da cutar da ita ba, malamin aikin gona yana kawo ɗalibansa, masu lambu suna ɗibar taki. Nauyin kuwa duk yana wuyan mutum ɗaya, kuma da bazara ta kama, ciyawa ta bushe, zafi ya tsananta, sai ka ga gidan ya fara durƙushewa. Idan akwai irinsa kusa da kai kuma kana son ya tsaya da ƙafarsa, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Ka je ka gani da idonka

Kada ka fara da sayen kaya. Ka yi sallama, ka zauna, ka tambayi mai gidan cikin ladabi: "Baba, me ya fi ci muku tuwo a ƙwarya a yanzu?" Wataƙila kai kana tunanin sabon keji, shi kuwa damuwarsa wanda zai yanko ciyawa ranar da yake wurin aiki. Daga nan ku ƙidaya dabbobin tare, ku rubuta a littafi: maza nawa, mata nawa, masu ciki nawa, waɗanne ne gashinsu ke zuba ko suka rame.

Mataki na 2: A raba maza da mata, a wannan satin

A ganina wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yin sake da shi. Duk kuɗin da ka ba gidan da maza da mata ke kwana wuri ɗaya, kamar zuba ruwa ne a kwando.

Cikin ɓeran Masar yana ɗaukar kwana 59 zuwa 72. Tana haifar 'ya'ya 2 zuwa 4 a yawancin lokuta, wani lokaci har 6, kuma suna fitowa da gashinsu, idonsu buɗe, suna gudu tun ranar farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, awoyi kaɗan bayan haihuwa uwar na iya sake ɗaukar wani cikin idan namiji na kusa. Ta haka mace ɗaya ke iya haihuwa har sau 5 a shekara. 'Yar da aka haifa kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 1 ko kaɗan da haka, jikinta bai ƙosa ba. Shi ya sa ake cire 'ya'ya maza daga wurin uwa da 'yan'uwansu mata da zarar sun kai sati 3.

Gane jinsi ba ya buƙatar likita. Ka tallafi dabbar da hannu biyu, ka ɗan kishingiɗar da ita a jikinka, ka danna saman al'aurar a hankali da ɗan yatsa. Idan namiji ne gabansa zai fito. Idan mace ce za ka ga tsaga mai kama da harafin Y, babu abin da zai fito. Wanda kuka yi shakka a kansa ku ware shi, ku sake dubawa bayan sati.

Rabawa ba ta nufin a kulle kowa shi kaɗai. Dabba ce mai son 'yan'uwa, kaɗaici na sa ta daina cin abinci yadda ya kamata, har ƙasar Suwizalan ta hana ajiye guda ɗaya tilo a doka. Mata suna zama garke lafiya. Maza kuwa an fi samun zaman lafiya idan biyu-biyu ne, da fili wadatacce, nesa da ƙanshin mata. Akwai kuma wani haɗari da ya kamata mai gida ya sani: macen da ta wuce wata 6 zuwa 7 ba ta taɓa haihuwa ba, ƙashin ƙugunta kan yi tauri, idan ta ɗauki cikin fari bayan haka haihuwar na iya kashe ta. To macen da aka ware, a bar ta a ware.

Mataki na 3: Ka samo abincin da ba zai yanke ba

Buhun abinci na rana ɗaya yana faranta rai, amma abin da ke riƙe gida shi ne ɗan abin da ke zuwa kullum.

Haƙoran ɓeran Masar ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su. Saboda haka ciyawa, ɗanya ko ingirici, ita ce mafi yawan abincinsa, kuma bai kamata ta ƙare a gabansa ba dare da rana. Lokacin tara ingirici shi ne ƙarshen damina, sa'ad da ciyawa ke ko'ina. Ka haɗa samari ku yanka, ku shanya sosai, ku ɗaure dami-dami ku ɗora a kan rumfa inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ga masu ciki da ƙanana, amma ga manya a riƙa gauraya su da ciyawa, domin sinadarin kalsiyam ɗinsu na da yawa kuma yana iya jawo tsakuwa a mafitsara. Ciyawar gefen gona da aka yi wa feshi ba ta shiga keji. Haka ma ɗanyar ciyawar da aka tara a buhu har ta yi ɗumi, tana kumbura musu ciki.

Abu na biyu shi ne bitamin C. Zomo da akuya jikinsu na haɗa nasu, ɓeran Masar kuwa irin mutum ne a nan, sai ya ci a abinci. Yana buƙatar kimanin miligiram 10 a kullum ga kowane kilo na nauyinsa, mai ciki kuma har 30. Idan ya rasa na 'yan makonni za ka ga ya daina zirga-zirga, gaɓoɓinsa sun kumbura, gashinsa ya hargitse, yana kuka idan an taɓa shi, wani lokaci dasashinsa na jini. Gidajen da suka dogara da dusa kawai sukan yi asarar dabbobi ta wannan hanya suna zaton annoba ce.

Maganin yana kasuwa, kuma kusan kyauta. Ka je kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti da yamma, ka yi magana da masu kayan gwari 2 ko 3 a kan su riƙa ware ganyen kabeji na waje, ganyen karas, latas da ya ɗan yi laushi, da tattasan da ya fashe ba zai sayu ba. Yawancinsu zubarwa suke yi. Ka bar musu buhu mai alama, ka sa wani mai babur ko ɗan keke-napep na unguwa ya riƙa biyawa ya ɗauko. Koren tattasai mara yaji da gwaba suna cikin abubuwan da suka fi bitamin C, yanki kaɗan ya isa kowace dabba. Ganyen zogale da na dankalin Hausa ma suna shiga. A gida a zauna a tsince, abin da ya ruɓe ko ya yi funfuna a zuba a ramin taki, sauran a wanke da ruwa mai yawa saboda maganin ƙwari. Albasa, tafarnuwa, fiya, da ganye ko koren ɓawon dankalin Turawa ba a ba su. Kowane sabon ganye a fara da kaɗan.

Kada ka kai musu abincin kaji ko na zomo a matsayin gudummawa. Ba a haɗa shi don su ba, babu bitamin C ɗin da suke buƙata, kuma wani ana zuba masa magungunan da cikinsu ba ya ɗauka.

Mataki na 4: Ka yi maganin zafi kafin watan Maris

Asalin wannan dabba tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda ake da sanyi. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24, kuma da zafi ya haura 27 ta fara wahala, alhali a Bauchi watannin Maris da Afrilu kan kusanci 40. Keji a ƙarƙashin kwano da rana tsaka yana iya kashe mai ciki kafin la'asar. Idan ka ga dabba ta miƙe ta baje a ƙasa, tana numfashi sama-sama, haɓarta ta jiƙe da yawu, a ɗauke ta zuwa inuwa nan take, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a kunne da ƙafafu, ban da ƙanƙara.

Gyaran ba shi da tsada. A mayar da su ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana mai shan iska, a shimfiɗa ciyawa mai kauri a kan kwanon, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta ɓangaren da iska ke shigowa. Ka ajiye ƙaramin tulu cike da ruwa a cikin wurin, za ka ga sun zo sun jera jikinsu da shi. Ɓallin tayil da magina suka bari shi ma yana riƙe sanyi.

Kowane biyu suna son fili kusan murabba'in mita 1. Ba sa hawa bango, don haka jeren bulo 2 ya ishe su katanga, sai dai a rufe sama da waya saboda kyanwa da shaho, a toshe ramukan da burgu da maciji ke bi. Ƙasan kuwa kada ya zama waya, tana yanka tafin ƙafarsu har ya kumbura ya yi ruwa. Daɓe da busasshiyar ciyawa a kai ya fi. Da hunturu a kare su daga iskar asuba.

Mataki na 5: Ka haɗa gidan da likitan dabbobi

Ka roƙi mai gida alfarma ɗaya, ya daina sayen magani a kemis da ka. Penisilin da danginsa, irin su amoksisilin da amfisilin, waɗanda ake ba mutane da wasu dabbobi, suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon hanjin ɓeran Masar, sai gudawa ta biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Ka je asibitin dabbobi ka nemi likitan da zai yarda ya riƙa leƙowa ko da sau 1 a wata, kai ka ɗauki nauyin kuɗin mansa. Ɗaliban kiwon dabbobi na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Aikin Gona ta jiha suna neman inda za su gwada hannu, za su iya taimakawa da awo da yankan farce.

Sikelin kicin kyauta ce mai amfani. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma dabba ce mai ɓoye ciwo, sau da yawa sikeli ne ke fara tona ramarta. A auna kowa sati-sati. Wadda ta yi rabin yini ba ta ci ba, ba a jira gobe. Sabon zuwa kuma a killace shi sati 2 zuwa 3, saboda ƙazuwa da makero. Makero na kama mutum, shi ya sa buta da sabulu a bakin ƙofa wajibi ne ga yaran da ke zuwa.

Mataki na 6: Ka raba nauyin a kan unguwa

Mutum 20 da kowa zai ba da naira 500 a ƙarshen wata sun fi attajiri ɗaya da zai ba da babban kuɗi sau ɗaya ya manta. A buɗe zaure a WhatsApp, mutum 2 su riƙe kuɗin, a riƙa ɗora hoton littafin shiga da fita kowane wata. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki rana: wannan shara ranar Asabar, wancan ɗebo ruwa, don shi ma mai gida ya samu ya je biki ko jana'iza hankalinsa kwance.

Za ka haɗu da mai cewa mutane na fama da yunwa kai kana maganar ɓera. Kada ka yi fushi, maganarsa na da tushe. Ka tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, sannan ka kai shi ya ga yaran da ke wurin da yamma maimakon yawon titi, da buhunan takin da matan unguwa ke ɗiba don alayyahu da yakuwar bayan ɗaki. Ka sanar da mai unguwa, ka gayyaci shugaban makarantar firamare. Takin ma ana iya sayar da rabinsa ga masu lambun fadama, kuɗin ya koma asusu.

Mataki na 7: A sama musu gidaje, a kuma san iyaka

Ku zauna da mai gida ku yanke adadin da wurin zai iya ɗauka, ku tsaya a kai. Idan an cika, wanda ya kawo nasa a taimaka masa ya raba maza da mata a gidansa, a sa sunansa a layi.

Wanda zai karɓa a ba shi biyu masu jinsi ɗaya, bayan wani daga cikinku ya je ya ga inda zai ajiye su. A yi magana da uba ko uwa, ba yaro kaɗai ba, a gaya musu dabbar na rayuwa shekara 5 zuwa 7, su san abin da suka ɗauka. A ba su takarda ɗaya da aka rubuta da Hausa, mai ɗauke da abin da ake ba dabbobin, abin da ba a ba su, da sunayen magungunan da ke kashe su. Bayan wata 1 a koma da sikeli a duba. Idan sun ga ba za su iya ba, su dawo da su gidan kai tsaye, kuma kada a yi musu gori.