Yadda Ake Shiga Aikin Agajin Sa Kai a Ƙasashen Waje

Duk lokacin da wani iftila'i ya faɗa wa wata ƙasa, kamar girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000, sai ka ji matasa a majalisa suna cewa, "Wallahi da ina da hanya da na tafi na taimaka." Niyyar tana da kyau. Sai dai wanda ya dira a wurin bala'i ba sana'a a hannu, ba ƙungiyar da ta san da zuwansa, ƙarin baki ya zama: zai ci daga abincin da aka tanadar wa masu bukata, ya sha ruwansu, ya kwana a tantinsu, in kuma ciwo ya kama shi a bar nasu a koma kansa. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji ba sa ɗaukar mutum don zafin zuciyarsa. Suna duba abin da ya iya ne, da inda ya taɓa yinsa.

Kafin mu yi nisa, a yankunanmu yanzu in aka ce 'yan sa kai, hankali kan tafi ga masu bindigar gargajiya da ke gadin ƙauye. Ba su nake nufi ba. Ina maganar mai ba da lokacinsa da iyawarsa wajen ayyukan jin ƙai da shirin tunkarar bala'i, ba don albashi ba.

Mataki na farko: fara daga unguwarku

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi kowane nauyi. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda doka ta kafa a 1960, tana da rassa a dukkan jihohi da Abuja. Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi duk suna da tasu, Sudan kuma tana da Red Crescent. Je ofishin reshen da ke kusa da kai, ka yi rajista, ka nemi horon taimakon farko: tsayar da jini, ɗaure karaya, farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke, ɗaukar majinyaci ba tare da an ƙara masa rauni ba. Wasu kan ja baya saboda alamar jan gicciye da ƙungiyar ke amfani da ita. Tutar Suwizalan ce aka juya launinta, ƙasar Henry Dunant, mutumin da ya ga yadda aka bar sojoji masu rauni a filin yaƙin Solferino a 1859 har abin ya kai ga kafa ƙungiyar a Geneva a 1863. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta fara sa jinjirin wata, alamar Red Crescent, a yaƙin 1876, kuma yau alamomin biyu tafiya ɗaya suke. In kuma kana cikin 'yan agajin masallaci, masu tsare sahu a wurin wa'azi da sansanin alhazai, kada ka ɗauka banza ne. Iya sarrafa taro abu ne da ake nema.

Rabon kaya na farko da na shiga, a wata makarantar firamare da aka sauke waɗanda ambaliya ta kora, mun sha kunya. Mota ta iso da buhunan shinkafa da tabarmi da gidan sauro, mu kuma ba mu rubuta sunayen magidanta ba, ba mu raba kati ba, ba mu ware ƙofar shiga da ta fita ba. Kafin a sauke buhu na goma masu ƙarfi sun mamaye motar. Da ƙura ta lafa sai ga wata tsohuwa zaune a gindin dalbejiya da jikoki biyu, ko tabarma ba ta samu ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, an gama ne?" Washegari muka bi aji-aji da littafi da biro, muka ja igiya, muka fara da tsofaffi da masu ciki da masu goyo. Irin wannan darasi gara ka koye shi a garinku, inda mai unguwa ya san mahaifinka, da ka koye shi a ƙasar da ba ka jin harshensu.

Ka sayi littafi guda ka riƙa rubutawa: ranar da ka fita, wurin, aikin da ka yi, mutum nawa, wane ne shugabanka. Ka ajiye kowace takardar shaidar horo. Shekara biyu ko uku nan gaba, wannan littafin ne zai cika maka takardar neman gurbi.

Mataki na biyu: riƙe sana'a ɗaya da kyau

Ba likita da nas da ungozoma kaɗai ake nema ba. Sansanin 'yan gudun hijira gari ne da aka gina cikin gaggawa, kuma yana tafiya da lissafi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997, sun ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 na ruwa a rana, kada famfo ya yi wa gida nisan da ya wuce mita 500, kada fiye da mutum 20 su haɗu a masai ɗaya, kuma a lissafa abinci a kan kalori 2,100 ga kowa a rana. Ɗauki sansanin mutum 10,000: lita 150,000 ke nan kullum, da masai 500. Wa zai haƙa, wa zai sa sinadarin tace ruwa, wa zai gyara janareto, wa zai riƙe sito ya san buhu nawa ya shiga nawa ya fita? Injiniyan ruwa, makanike, akanta, mai kula da sito, mai tattara bayanai da kwamfuta, mai kwantar wa yara hankali, duk suna da gurbi. Masu kula da tamowa ma akwai, da ɗan zaren awon nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari.

Sai harshe. In kana da Turanci, ƙara Faransanci ko Larabci. Waɗanda suka tsere wa yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sun cika garin Adre a gabashin Chadi, inda Larabci da Faransanci ke aiki. Hausarka ma jari ce: a yankin Diffa da Maraɗi, a sansanin Minawao na Kamaru, a gaɓar tafkin Chadi, mai jin Hausa ko Barbarci yana jin kukan da tafinta kan rage masa zafi. Ƙungiyar CLEAR Global, wadda a da aka fi sani da Translators without Borders, tana ɗaukar masu fassara ta intanet, kana zaune a ɗakinka.

Mataki na uku: yi karatun da ba a biya

Akwai darussa kyauta a shafukan Kaya da DisasterReady da kuma dandalin koyo na tarayyar ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent. Akwai BSAFE, darasin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake bukata ga masu yi mata aiki. Data da haƙuri kawai suke ci. Yi na tsaro, yi na kare mata da yara daga cin zarafi, ka sauke shaidar ka adana.

Ka ba ɓangaren shirin ko-ta-kwana muhimmanci, don a nan hannu ya yi ƙaranci, kowa ya fi son a gan shi yana ceto. Bangladesh ce makarantar wannan fanni. Guguwar 1970 ta hallaka mutum aƙalla 300,000. A 1972 aka kafa shirin da ya horar da dubban mazauna gaɓar teku, aka ba su tutoci da lasifikar hannu da rediyo, suna bin ƙauyuka da keke da ƙafa suna kwashe jama'a zuwa mafaka kafin iska ta iso. Guguwa ba ta daina zuwa ba, amma mace-macen sun ragu nesa ba kusa ba. Mu ma a Najeriya hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Matsalar ita ce wa zai kai labarin ƙofar gidan da ke bakin kwari, da harshen da mai gidan zai ji. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan fashewar madatsar Alau, cikin dare ta riski mutane da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka taɓa zama da mutanen unguwa kuka zana inda ruwa ke bi, inda za a gudu, da gidajen da ke da tsoho ko gurgu, kana da abin faɗa a gaban kowane mai tantancewa.

Mataki na huɗu: san ƙofofin

Babbar ƙofa ita ce UNV, shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, hedikwatarsa a Bonn ta Jamus. Za ka buɗe shafinka a dandalinsu, ka sa karatu da gogewa da harsuna, sannan ka riƙa neman guraben da aka tallata ɗaya bayan ɗaya. Akwai na cikin ƙasa, na waje, da na intanet. Na waje galibi suna neman digiri da shekarun aiki. Suna biyan tikiti da inshorar lafiya da alawus na wata-wata. Shawarata, nemi na cikin ƙasa tukuna, daga nan tsallakawa ta fi sauƙi.

Tarayyar Afirka tana da shirin matasa 'yan sa kai da ta ƙaddamar a 2010, na wata 12 a wata ƙasar Afirka, ECOWAS ma tana da nata. Najeriya tana da TAC tun 1987, mai tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. A lokacin Ebola ta 2014, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiyar Najeriya sun tafi can a ƙarƙashin tutar Tarayyar Afirka. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da aka kafa a Faransa a 1971, tana neman aƙalla shekara biyu na gogewa da mutumin da zai iya barin gida wata shida zuwa shekara, kuma da yawa daga cikin waɗanda take turawa waje daga ma'aikatanta na cikin gida suka taso, irin masu aiki a Jahun ko asibitin Sakkwato na cutar noma, mai cin fuskar yara. Ita Red Cross ba a tsallake reshen gida, ƙungiyar ƙasarku ce ke miƙa sunanka. Don ganin tallan gurabe, shafin ReliefWeb ya wadatar.

Mataki na biyar: takarda, ganawa, da 'yan damfara

Kada ka rubuta "ina son taimakon al'umma". Kowa haka yake rubutawa. Buɗe littafin nan naka ka ce: na jagoranci mutum 12, mun yi rajistar gidaje 300 cikin kwana 4. A ganawa za su ce ka ba da labarin ranar da aiki ya lalace a hannunka, ko ranar da ka saɓa da shugabanka. Faɗi gaskiya, har da laifinka. Za a ƙi ka sau da yawa, wani lokaci ko amsa ba za a ba ka ba. Ci gaba da nema.

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo a kowane mataki na ɗaukar mutum. Duk wanda ya turo maka takarda mai tambari ta WhatsApp ya ce ka biya kuɗin fom, na horo ko na biza, ɓarawo ne. Na san wani matashi da ya sayar da babur ɗinsa ya tura, yana ta jiran tikiti har lambar ta daina shiga. Akwai kuma kamfanonin da za ka biya su kai ka gidan marayu sati biyu ka yi hotuna. Wannan yawon buɗe ido ne, kuma yara ba abin kallo ba ne.

Mataki na shida: kafin ka hau jirgi

Fasfo mai sauran wata shida aƙalla, katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, takardar shaidar ɗabi'a daga 'yan sanda, da lasisin sana'arka in kai ma'aikacin lafiya ne. Karanta yarjejeniyar da kanka, musamman inda aka yi maganar inshora da wanda zai ɗauke ka in ciwo ya yi tsanani. Zauna da iyaye ka faɗa musu inda za ka da haɗarin da ke ciki, ka nemi albarkarsu. Ke kuma 'yar'uwa, ki fara wannan magana da Baba ko maigida tun da wuri, ki nuna musu inda za ki kwana da waɗanda za ki yi aiki da su. Ana matuƙar bukatar mata, don akwai abin da mace a sansani ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. A rubuta bashi da wasiyya. Aikin ba wasa ba ne: ranar 19 ga Agusta da duniya ke tunawa da ma'aikatan jin ƙai ta samo asali ne daga bam ɗin da ya kashe mutum 22 a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza a 2003.

Mataki na bakwai: in ka isa

Satin farko ka yawaita saurare. Direba da mai gadi da nas 'yar garin sun riga ka sanin hanyar da ba a bi bayan la'asar. Bi dokar tsaro ko da ta ba ka haushi. Kada ka tambayi mabukaci addininsa ko ƙabilarsa kafin ka miƙa masa, ka kuma ajiye ra'ayinka na siyasa, har a Facebook. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, ko da "zan duba miki" ne, don za ta dawo gobe da jibi. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Neman mace ko karɓar wani abu a madadin kayan agaji kora ce nan take, kuma in ka gani ka yi shiru kai ma da laifinka.

Ka ci abinci, ka yi barci, ka kira gida. In abin da ka gani ya fara hana ka runtsawa, faɗa wa mai kula da ku. Tun daga watan farko kuma ka zaɓi ɗan garin da zai gaje ka, ka riƙa nuna masa komai: inda makullin sito yake, yadda ake auna sinadarin ruwa, lambar mai tankar da ke ɗaga waya ko da tsakar dare. Sati biyu kafin tafiyarka ka rubuta duk wannan a takarda, ka miƙa masa makullan, ka koma gefe kana kallon yadda yake yi.